Garmahon Haɗin Gambiza: Tarihinsa da Ƙimarsa a Rumde

Gabatarwa

A wani tsohon gida a unguwar Rumde ta Jimeta aka fito mini da garmaho daga ƙarƙashin gado, magada suna son su san ko zai yi kuɗi. Akwatinsa na Ingila ne, injinsa na Suwizalan, hannun wana shi kuwa maƙeri ne ya ƙera. Wani dillali ya riga ya ce musu tarkace ne. Wannan maƙala za ta duba yadda irin wannan garmaho ya samu, da yadda ake gane shi, da kuma ma'aunin da ya dace a auna darajarsa.

Asali da Isowarsa

A 1877 Thomas Edison ya ƙago na'urar naɗar murya a Amurka. Bayan shekara goma Emile Berliner ya fito da mai amfani da faifai, wanda shi ne Hausawa suka kira garmaho. Kamfanin Gramophone da aka kafa a Landan a 1898 shi ne mai tambarin nan na kare yana sauraron ƙaho, wato HMV. Tsakanin 1927 da 1930 reshensa na Zonophone ya naɗi fayafayai don kasuwar Afirka ta Yamma, har da na Hausa.

Bayan Turawa sun ci Yola a 1901, Jimeta ta bunƙasa a matsayin mashigin kaya ta kogin Binuwai, inda kamfanoni irin su Neja da John Holt suka kafa kantuna. Sai dai manyan jiragen ruwa ba sa isowa sai kogi ya cika da damina. Wanda sifirin garmahonsa ya tsinke da rani, ko dai ya jira wata shekara, ko ya nufi mai gyaran agogo a ciro masa na wani mataccen garmaho. Da hanau gara mannau. Nan ne tushen haɗin gambizar.

Yadda Ake Ganewa

Da farko a ɗaga allon da faifai ke juyawa a kai. Idan an ga ramukan kusa da ba kome a cikinsu, to injin ba na asali ba ne. Haka kuma idan akwai huda biyu ta hannun wani, an toshe ɗaya. Sai a karanta sunan da ke jikin inji: Thorens da Paillard na Suwizalan ne, ba su da gurbi a akwatin HMV. Kan allura ma yana da lamba. Mai lamba 4 shi ne abokin samfurin 101 na 1925, su kuwa 5A da 5B na samfurin 102 ne, wanda ya fito a 1931.

Wajibi ne a bambanta wannan da jabu. Akwai garmaho mai ƙaton ƙahon tagulla mai ƙyalli da ake harhaɗawa a Indiya, a ɗora tsohon injin garmahon tafi-da-gidanka a sabon akwati, a manna masa tambarin kare. Hannun waninsa yakan shiga a karkace, domin injin ba don wannan akwati aka yi shi ba. Ba ya da tarihi ko kaɗan, ga shi kuma yana cinye faifai.

Ƙima

Masu tara kayan tarihi a Turai sun fi biyan kuɗi a kan wanda kowane sashensa na asali ne, don haka dillalin bai yi ƙarya ba game da farashi. Amma ga mai nazarin tarihin Adamawa, lissafin ya sha bamban. Garmahon da bai taɓa lalacewa ba labarin masana'anta kawai yake bayarwa. Mai faci kuwa shaida ne cewa an yi ta wana shi a bukukuwa da hirar dare, kuma an sami masu sana'a a gari da suka gane cikinsa har suka tsawaita ransa, kafin rediyo da kaset su ture shi.

Kammalawa

Na shawarci magadan da kada su sayar, kada kuma su sauya masa ko kusa ɗaya. Abin da ya fi gaggawa shi ne su zauna da tsohuwar da ta rage a gidan, su rubuta wanda ya sayo shi, da wanda ya gyara, da waƙoƙin da aka saurara. Ranar da aka rasa ta, maganar dillali za ta tabbata.