Shu'aibu Amodu: Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi

Duk lokacin da hirar ƙwallo ta tashi a rumfar mahaifina a kasuwar Wunti, manya kan tuna 1998, shekarar da Wikki Tourists ta kawo Kofin Ƙalubale Bauchi. To amma kafin nan akwai wanda ya nuna wa ƙungiyoyin Arewa hanya, wato marigayi Shu'aibu Amodu.

An haife shi a 1958, mutumin Okpella ne a jihar Edo, amma a Arewa ya yi suna. Ya ci wannan kofi da BCC Lions ta Gboko a 1989, a 1990 kuma suka doke Club Africain ta Tunisiya suka ɗauko kofin Afirka na ƙungiyoyin da suka ci kofunan ƙasashensu. Daga nan ya koma Maiduguri, inda El-Kanemi Warriors ta ɗauki Kofin Ƙalubale sau biyu a jere, 1991 da 1992.

A 2001 aka danƙa masa Super Eagles bayan tafiyar Bonfrere, lokacin da jama'a sun fara fid da rai da zuwa gasar cin kofin duniya. Ya samo tikitin, amma da ya zo na uku a gasar Afirka a Mali a 2002 sai aka sallame shi, Onigbinde ya tafi da 'yan wasan. A 2009 ya sake samo tikiti bayan doke Kenya 3-2 a Nairobi, ya sake zuwa na uku a Angola a 2010, aka sake ture shi aka ɗauko Lagerback ɗan Suwidin. Duka gasannin biyu a zagayen farko aka koro Najeriya.

Duk da haka bai yi zuciya ba. Ya karɓi muƙamin daraktan fasaha na hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, yana kan wannan aiki Allah ya yi masa rasuwa a Benin a watan Yunin 2016, 'yan kwanaki bayan rasuwar Keshi.

Mu da iyayenmu suka baro gida suka zauna a garin wasu mun san wannan hali: ka yi wahalar, ranar rabo a manta da kai. Amma har gobe ba a ba da tarihin El-Kanemi ba tare da sunan wannan baƙo ba. Allah ya jiƙansa, amin.