Tsaron Daji a Ƙasar Tambuwal da Kebbe

Hanyar mota da ta tashi daga birnin Sakkwato ta nufi kudu, ta bi ta Boɗinga da Shagari da Dogon Daji, ta ratsa Tambuwal kafin ta gangara Jega da Yawuri, tana cikin manyan hanyoyin ƙasar Hausa, kuma duk wanda ya bi ta yau yana duba dama da hagu, abin da zai fi gani shi ne gonakin gero da dawa, da tulin itace da buhunan gawayi da aka jera a gefen kwalta ana jiran mai saye. Sunan Dogon Daji kaɗai ya isa shaida a kan yadda wurin yake a da. Daga Tambuwal kuwa in aka ratse zuwa Kebbe, inda Gulbin Zamfara yake shayar da fadamu, nan ne ragowar dajin take, kuma nan ne ya kamata a nemi tarihin mutumin da aka ɗora wa amanar tsaronsa.

A wannan zamani an sami wata al'ada a duniya, ta masu yawon buɗe ido waɗanda kan ɗauki ƙaramar mota ko babur ko keke mai ƙafa uku su keta ƙasashe, suna neman gudummawa domin wani aikin alheri. A 2022 Kunle Adeyanju ya hau babur daga Landan har Legas domin yaƙi da shan inna, a 2024 kuma Pelumi Nubi ta yi wannan tafiya cikin ƙaramar mota ƙirar Peugeot 107. Daga cikin masu irin wannan tafiya akwai waɗanda ke tara kuɗin domin masu tsaron namun daji, musamman a gabashi da kudancin Afirka, inda annobar korona ta hana baƙi zuwa, albashin masu gadi ya yanke. Niyya ce kyakkyawa, Allah ya saka musu. Sai dai tana tayar da wata mas'ala wadda malamanmu suka daɗe da yin magana a kanta, watau a wuyan wa haƙƙin mai tsaron daji yake.

Asalin al'amarin a Musulunci shi ne abin da malaman fiƙihu suke kira hima, wato filin da shugaba ya keɓe domin maslahar jama'a, ya hana a mallake shi. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya keɓe Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar kuma ya keɓe Rabaza, ya naɗa baransa Hunayyu ya kula da hima, ya yi masa wasiyya da ya sassauta wa talaka mai 'yan dabbobi kaɗan, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, wanda Gwandu, mazauninsa, ba ta da nisa da Tambuwal, ya wallafa littafi a kan hukuncin mallakar ƙasar da ba ta da mai ita, mai suna Ta'alimur Radi. Saboda haka lokacin da Muhammadu Buhari ɗan Shehu Usmanu ya zauna Tambuwal ya mai da ita ribaɗi, mutanen da suka kewaye shi sun riga sun san cewa daji ba ya zama ganimar wanda ya riga kai hannu, sun san hurumin gari da makiyaya da burtali da mashaya.

A aikace kuwa, kafin zuwan Turawa, maharba ne idon sarki a cikin daji. Sarkin Baka ya san inda gada da barewa da gwanki suke kwana, ya san lokacin da ya halatta a fita farauta, wanda galibi bayan kaka ne, in an kawar da amfanin gona ciyawa ta bushe, kuma ba a shiga dajin wani gari da gayyar farauta sai da sanin masu shi. Haka nan itatuwa masu ciyar da mutane, irin su ɗorawa da kaɗanya da tsamiya da kuka, kowa ya san ba a sa musu gatari. Ba na cewa zamanin ya kuɓuta daga ɓarna, domin gobarar daji da yaƙe-yaƙe sun yi tasu; amma mai tsaron ɗan gari ne, yana cin abincinsa daga dajin da yake tsaro, in dajin ya lalace shi ne farkon mai hasara.

Bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, sai suka zo da nasu tsarin. A 1916 aka kafa dokar gandun daji da dokar kare namun daji, aka shiga shata iyaka ana kafa alamu, aka miƙa yawancin gandayen ga En'e, wadda take biyan ma'aikatanta daga baitulmali. Nan ne aka haifi sana'ar malamin daji. Mutum ne mai kaki, bisa doki ko keke, yana zaga ƙauyuka yana duba wanda ya sare itace ba da takardar izini ba, ko ya cinna wuta, ko ya shigar da gona cikin gandu, ya kai shi gaban alƙali a ci shi tara. Dattawa ba su tuna shi da ƙauna tsantsa. Talaka wanda kakanninsa suka yi saran itace a wuri, ranar da aka ce masa wurin ya zama na hukuma, da wuya ya ga adalcin abin, balle kuma in malamin dajin ya kasance mai karɓar na goro ya kau da kai. Duk da haka, gaskiya ce a faɗa cewa a zamanin En'e mutumin nan yana da albashi mai zuwa kan kari, da abin hawa, da hakimi da alƙali a bayansa, kuma iyakar gandu iyaka ce. Gwamnatin Jihar Arewa ta ƙara da dokar namun daji ta 1963, shekara guda bayan an buɗe Yankari ga masu ziyara.

Abin da ya biyo baya ya zo a jere, kowanne yana ƙara wa ɗan'uwansa nauyi. Farin 1973 da na 1984 sun koro makiyaya da manoma daga arewa zuwa kudancin lardin Sakkwato, inda ƙasa take da sauran danshi. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rushe En'e, aikin daji ya rarrabu tsakanin jiha da ƙaramar hukuma, kowacce tana ganin kuɗin shigar nata ne, ɗawainiyar kuwa ta ɗayar ce. Sannan motar da ta sauƙaƙa wa mutanen Kebbe kai hatsi da kifi kasuwa, ita ce kuma ta sauƙaƙa kwasar itace da gawayi zuwa Sakkwato da Birnin Kebbi, domin abin da jaki zai yi wata yana ɗauka, babbar mota rana ɗaya take kwashe shi. Malamin daji ya tsufa, ya yi ritaya, sau da yawa ba a maye gurbinsa ba. Wanda ya rage kuwa an bar shi da ƙafa, yana fuskantar masu injin yankan katako.

Da ido ya ɗauke daga daji, sai waɗansu suka gaje shi. A 'yan shekarun nan dazuzzukan da suka haɗa Kebbe da ƙasar Gummi ta Zamfara sun zama mafakar ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane, har manomi ya kan ji tsoron gonarsa, kuma maharba da 'yan sa-kai, jikokin mutanen Sarkin Baka, su ne suka koma shiga gaba da bindigar gargajiya, waɗansu ba su komo ba, Allah ya jiƙansu. Matafiyin da zai bi hanyar Tambuwal da Kebbe da ƙaramar motarsa domin tara musu taimako zai iya sama musu takalma da babura da magani, kuma za su karɓa da godiya. Amma albashin wata-wata, da horo, da diyyar iyalin wanda ya rasu a bakin aiki, waɗannan suna kan gwamnatin Jihar Sakkwato da ƙananan hukumomin Tambuwal da Kebbe, kamar yadda suka kasance a kan baitulmalin En'e a zamanin malamin daji mai keke.