Tsarin Zirga-zirgar Jirage a Tashar Legas a Zamanin Turawa

A zamanin Turawa, tashar jiragen ruwa ta Legas ce mafitar gyaɗa da auduga da fatun ƙasar Zamfara zuwa Turai, tun da layin dogo ya isa Ƙaura Namoda a 1929. Tarin yashi a bakin tashar ya hana manyan jirage shiga har 1914, bayan an gina shingayen duwatsu an kuma yashe hanya. A lokacin mashigar tana da haɗari ƙwarai, shi ya sa Sashen Harkokin Ruwa na gwamnati yake haɗa jirgi da jagora masanin hanyar, yake kuma kula da fitilu da alamomin kan ruwa. A 1955 Hukumar Tashoshin Jiragen Ruwa ta Najeriya ta karɓi wannan aiki.