Baro: Garin Da Jirgin Kano Ya Taso Daga Cikinsa

Yau tambaya zan fara da ita: layin dogon da ya fara shiga Kano, daga ina aka faro shi? Na san da yawanku za ku ce Legas. To ba Legas ba ce. Daga Baro ne, wani ɗan gari na Nufawa a bakin kogin Kwara, cikin ƙaramar hukumar Agaie ta jihar Neja a yau.

Kafin dogo, kogi shi ne babban titi. Duk kayan Turawa da za su hau Arewa sai an sauke su daga manyan jiragen teku a Forcados ko Burutu, a loda wa ƙananan jirage, su biyo Kwara ta Lokoja. Daga inda ruwa ya ƙare kuma sai jaki da kan ɗan dako.

A 1907 aka turo Percy Girouard ya gaji Lugard a mulkin Arewa. Mutumin ɗan Kanada ne, kuma injiniyan dogo ne, ya riga ya shimfiɗa layi a hamadar Sudan. Ka ga ba a banza aka zaɓo shi ba. A lokacin Kudu da Arewa gwamnati biyu ce, kowa da asusunsa. Na Legas suna so a jira layinsu ya hauro, na Arewa kuma suna son nasu na kansu, mai araha, wanda zai taso daga bakin ruwa. Aka duba aka ga Baro ta dace, don in kogi ya cika da damina jirage masu nauyi suna iya zuwa har can. Ƙarafan dogon da kawunan jirgin duk ta ruwa aka kawo su.

Aka soma aiki a 1907, layi ya bi ta Badeggi, Minna, Kaduna, Zariya, ya isa Kano a 1911. Tsawonsa mil 356. Akwai abin da ba a cika faɗa ba a nan. Waɗanda suka sare dajin nan suka ɗauki ƙasa a ka, da yawansu ba don sun so ba ne. Ta hannun sarakuna da hakimai aka riƙa ɗibar mutane daga ƙauyukan Nufawa da Gwari da sauransu, aikin tilas, mutum ya bar gonarsa. Don haka in an ce Bature ya yi dogo, ni dai nakan ce a ƙarasa maganar.

Abin dariyar shi ne, auduga Turawa suka yi wa lissafi, don masaƙun Lancashire. Amma manomin Kano yana da masu saye a gida, masaƙanmu da marina suna biyan kuɗi mai kyau. Da jirgi ya iso sai gyaɗa ta ƙwace kasuwa tun daga kakar 1912. Dalar gyaɗar da muke gani a tsofaffin hotuna, asalinta ke nan.

To ita Baro fa? Wallahi ranarta ba ta yi tsawo ba. Layin Legas ya hauro ya haɗu da nata a Minna, a 1912 aka haɗe su ƙarƙashin hukuma ɗaya. Abin da ya ɗan rage mata shi ne a Jebba sai an ƙetarar da taragu a kan fito. A 1916 aka gama gadar Jebba, shi ke nan. Ɗan kasuwa zai loda buhunsa a Kano ya sauke a bakin teku, rani da damina, ba ruwansa da jiran kogi ya kawo. Babban layi ya koma reshe, reshen ma daga baya jirgi ya daina binsa.

An yi ƙoƙarin tayar da ita. A 2009 marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da yashe kogin daga Warri zuwa Baro, a watan Janairun 2019 kuma marigayi Muhammadu Buhari ya je da kansa ya buɗe sabuwar tashar. Amma shekaru suka shuɗe ba a ga jiragen kaya suna sintiri ba. Dalilin ba boyayye ba ne. Yashi yana dawowa kogi in ba a ci gaba da kwashe shi ba. Hanyar Agaie zuwa Katcha zuwa Baro ta daɗe tana jiran a gama ta. Dogon Minna kuma ciyawa ta cinye shi. In jirgi ya sauke kwantena a Baro, da me za a fitar da ita?

Ku tuna Girouard bai fara da gina tasha ya zauna jira ba, tasha da dogo tare ya yi su. Mu kuwa har yau taki da kayan shago a bayan tirela suke tahowa daga Apapa, su kwana a Mokwa ko Tegina, kuma kuɗin man nan da na gyaran taya duk a kan mai saye a Kwari da Singa suke ƙarewa.

A nan zan dakata. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.