Yadda Aka Manta da Mayaƙan Jedi Cikin Shekara 19



Yau za mu leƙa tarihin duniyar finafinan Star Wars na George Lucas, saboda wata tambaya da masu kallo suka daɗe suna jayayya a kanta. Tambayar ta shafi duk wanda ke rubuta labari mai littafi na ɗaya, na biyu da na uku. Yaya aka yi mayaƙan Jedi, waɗanda aka ce sun yi dubban shekaru suna tsaron Jamhuriya, suka koma tamkar tatsuniya cikin shekara 19 kacal?

Ga wanda bai kalla ba, Jedi ƙungiya ce ta mayaƙa masu zuhudu. Suna yafa alkyabba, suna riƙe takobin haske, suna aiki da wani ɓoyayyen ƙarfi da suka yi imani ya ratsa dukkan halitta. Haikalinsu na Coruscant, hedikwatar Jamhuriya. A fim na farko, na 1977, babu su sai ɓurɓushi. Luke Skywalker bai taɓa jin labarin wannan ƙarfi ba. Han Solo, matuƙin jirgi ɗan fasa-ƙwauri, ya ɗauke shi camfi da siddabaru. Wani hafsan Daula ya yi wa Darth Vader ba'a ido da ido kan riƙo da tsohon addini. Duk wanda ya kalli wannan zai ɗauka an yi zamani mai tsawo da shuɗewarsu. Sai ga fim ɗin Revenge of the Sith a 2005 ya nuna cewa an hallaka su ne dab da haihuwar Luke, shi kuwa Luke shekararsa 19 a fim na farko.

Amsar da aka fi bayarwa ita ce ƙarancinsu. Katun mai dogon zango na Rebels, wanda aka fara a 2014, ya ce yawansu 10,000 ne, a tsakanin dubban duniyoyi. Manomi a hamadar Tatooine zai iya rayuwa har ya mutu bai ga Jedi ko ɗaya ba. Wannan hujja tana da ƙarfi, amma ba ta isa ba, domin a shekara uku na yaƙin ƙarshe su ne janar-janar na rundunar Jamhuriya. Wanda bai ga janar ba ai ya ji sunansa.

Sai aikin Palpatine. Ya ba da Umarni na 66, sojojin da Jedi ke jagoranta suka juya musu bindiga a fagage daban-daban lokaci guda. Bayan haka ya tsaya gaban majalisa da fuskarsa da ta lalace, ya ce Jedi ne suka yi yunƙurin juyin mulki, ya ayyana Daula, aka yi masa tafi. Abin lura, ƙaryar tasa tana da ƙashin gaskiya a ciki, don kuwa Mace Windu ya shiga ofishinsa da takobi zai kama shi. Daga nan aka mayar da haikalinsu fadar sarki, aka saki mafarauta suna bin waɗanda suka tsira. A fim ɗin Rogue One na 2016 mun ga Daula na kwashe duwatsu masu tsarki daga birnin Jedha domin ƙera makaminta, ta tarwatsa birnin, aka gaya wa majalisa haɗarin haƙar ma'adinai ne. A can bayan gari ga wani ƙaton mutum-mutumin Jedi kwance, rairayi ya cinye rabinsa. Wannan hoto guda ya fi dogon bayani aiki.

Amma a ganinmu babban dalilin yana cikin tsarin Jedi su kansu, kuma nan ne marubuci zai fi ƙaruwa. Ana ɗauko su daga hannun iyayensu tun suna ƙanana ƙwarai, har ma aka ce Anakin ya yi girma da shiga alhali shekararsa tara. An hana su aure, an hana su shaƙuwa da kowa. Mu da muka tashi muna jin maroƙi na jero sunayen kakannin mutum a wurin biki mun san inda tarihi ke kwana. Yana bakin jika, yana cikin kirari, yana wurin tsohuwar da ke cewa gidan nan na wane ne. Jedi ba su bar ɗa ba, ba su bar jika ba, ba su bar matar da za ta yi musu takaba ba. Iliminsu kuma sun tara shi a ɗakin ajiya guda, cikin gini guda, a birni guda. Ranar da aka ci wannan gini, an ci komai. Ɗaya daga cikinsu da ya karya dokar ya yi aure a ɓoye, shi ne Anakin, kuma ta hannun ɗansa sunan Jedi ya dawo. Ko Lucas ya yi niyyar wannan ko bai yi ba, ya zauna daram.

Waɗanda suka sani kuma suka kama bakinsu. Obi-Wan ya koma Ben, tsohon da maƙwabta ke ɗauka taɓaɓɓe. Yoda ya ɓuya a fadamar Dagobah. Owen, wanda ya riƙe Luke, ya gaya masa mahaifinsa ma'aikacin jirgin dakon kaya ne. Tsoro ne ya sa shi, da ƙauna. Jahilcin Luke ke nan ba abin mamaki ba ne, a gida aka gina masa shi.

Duk da haka akwai ramin da bai cike ba. Chewbacca, abokin tafiyar Han Solo, an nuna shi a fim ɗin 2005 tare da Yoda a duniyar Kashyyyk, har ya taimaka masa ya tsere. To shekarun da suka yi a jirgi ɗaya, bai taɓa ba Han labari ba? Tarihin gaske ma bai goyi bayan mantuwa mai sauri haka ba. Ranar 13 ga Oktoba 1307 Sarki Filib na IV na Faransa ya sa aka kame mayaƙan Templar na ƙasarsa a rana guda, da umarnin da aka aika a asirce, aka zarge su da ridda. Paparoma ya rushe ƙungiyar a 1312, aka ƙone shugabansu Jacques de Molay a 1314. Yau shekara 700 da ɗoriya, ana nan ana rubuta littattafai a kansu. Murƙushewar ma ita ta ƙara musu suna.

Gaskiyar magana, tushen matsalar shi ne jerin da aka bi wajen rubutu. A 1977 Lucas na buƙatar Jedi su zama abin da ya yi nisa, mai ƙamshin zamanin da, irin samurai na finafinan Akira Kurosawa da ya sha kallo. Ya ɗauko Alec Guinness, dattijo mai shekara sittin da 'yan kai, ya ba shi matsayin Obi-Wan. Da ya dawo a 1999 zai ba da labarin baya, sai shekarun Luke suka ɗaure shi. Mahaifin Luke Jedi ne, saboda haka faɗuwarsu ba za ta wuce shekarun yaron ba. Ya kuma zana su da girma fiye da yadda fim na farko ya nuna: haikali a tsakiyar birni, kujera kusa da shugaban Jamhuriya, runduna a ƙarƙashinsu. Duk ƙarin girman da ya yi musu, ƙarin wuya ne ga mantuwar da ya riga ya rubuta. Mafarautan Jedi da birnin Jedha duk daga baya aka zo da su, faci ne marubutan da suka biyo baya suka yi wa rigar.

Akwai dai wata mafita da muke ganin ta fi sauran, kuma tana cikin fim na farko tun asali. In an saurara da kyau, babu wanda ya ce ba a taɓa yin Jedi ba. Tarkin ya san su, cewa ya yi sun ƙare. Hafsan nan ya san addinin, raina shi ya yi. Han bai musanta mutanen ba, ƙarfin da ake jingina musu ne bai yarda da shi ba. Ashe abin da ya mutu cikin shekara 19 shi ne yarda da su, kuma wannan kan iya mutuwa cikin shekara guda in mutane suka ga waɗanda ake cewa ba a iya kayar da su an harbe su ta baya.

A 2015 fim ɗin The Force Awakens ya sake ɗauko zancen. Kimanin shekara 30 bayan faɗuwar sarkin Daula, Rey ta ce ita ta ɗauka Luke Skywalker almara ne. A nan ba a yi jayayya sosai ba, saboda an nuna mana ita tun farko: yarinya ita kaɗai a hamadar Jakku, ba uwa ba uba, tana tsintar ƙarafa cikin gawarwakin jiragen yaƙin da babu wanda ya zaunar da ita ya ba ta labarinsa. Wanda ya tabbatar mata cewa duk gaskiya ne kuwa shi ne Han Solo, da furfurarsa.