Kuskuren alamar lamba a cibiyar manhajar kwamfuta

Kuskuren alamar lamba aibi ne da ke aukuwa idan wani sashe na manhaja ya ɗauki lamba a matsayin mai iya sauka ƙasa da sifiri, wani sashen kuma ya karanta ta a matsayin wadda ba ta sauka. Haɗarinsa ya fi tsanani a cibiyar babbar manhaja, wato kanel, domin ita ke riƙe da ragamar na'ura baki ɗaya.

Gurbi mai bit 32 yana ɗaukar lamba daga 0 zuwa 4,294,967,295 idan babu alama. Idan da alama, iyakarsa daga -2,147,483,648 ne zuwa 2,147,483,647. Saboda haka -1 da 4,294,967,295 siffarsu ɗaya ce a ƙwaƙwalwar kwamfuta. A ce cibiyar ta gindaya cewa tsawon saƙo kada ya wuce 256. Mai kutse sai ya aiko da -1, ta tsallake bincike tunda ba ta kai 256 ba, amma sashen da ke kwafar bayanai ya karanta ta a matsayin fiye da biliyan huɗu. Daga nan sai a tona abin da ke ɓoye a ƙwaƙwalwar, ko a rubuta a inda bai halatta ba.

A shekarar 2002 masu kula da FreeBSD sun yi gargaɗi kan irin wannan aibi a cibiyarsu. A watan Yulin 2021 kuma kamfanin Qualys ya bayyana wani a Linux, wanda ya laƙaba wa suna Sequoia. Aibin ya shiga tun 2014, kuma masu binciken sun ƙwace cikakken iko da shi a kan Ubuntu, Debian da Fedora, ta hanyar jera manyan fayiloli cikin juna har tsawon adireshinsu ya haura gigabait ɗaya.

Rigakafinsa shi ne cibiyar ta tantance duk lambar da ta shigo daga waje ta ɓangarori biyu, sama da ƙasa, a kuma ajiye tsawo a gurbi marar alama tun daga farko har ƙarshe.

Lamarin bai tsaya ga injiniyoyi ba. Wayar Android da ɗan kasuwa a Shahuci ke tura kuɗi da ita a kan cibiyar Linux aka gina ta, kuma gyaran irin wannan aibi ba ya isa gare shi sai ya sabunta manhajar wayarsa.