Macijin Kusugu da Takwarorinsa na Yamma

Duk wanda ya zauna a ajin firamare a ƙasar Hausa ya ji labarin. Wani baƙo, Bayajidda, ya iso Daura da dare, ya sauka gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa. Ta ce masa a garin nan ba a ɗibar ruwa sai Juma'a, saboda Sarki, macijin da ya tare rijiyar Kusugu. Bayajidda ya ari guga ya tafi, ya fille kan macijin da takobin da maƙeran Gaya suka ƙera masa. Da gari ya waye Magajiya Daurama ta yi masa tayin rabin gari, shi kuwa ya ce ita yake so. Daga nan sai ɗansu Bawo, sai 'ya'yansa shida, a haɗa da Biram a cike Hausa Bakwai.

Malamanmu sauri suke yi su kai ga jerin garuruwan, don shi ke fitowa a jarrabawa. Macijin ana kashe shi ake mantawa da shi. Ni kuwa tun a lokacin abin da ke damuna shi ne, wane irin maciji ne ya san ranakun mako? Kububuwa ba ta tambayar yau wace rana kafin ta yi sara. Abin da ke hana ruwa kwana shida ya sake shi a na bakwai doka ce, kuma doka tana da masu tsaronta. A ganina Sarki abin bauta ne mai matsafa da ranar buɗe rijiya. Ita Juma'ar ma, ina zaton bakin Musulmi ne ya sa ta cikin labarin daga baya.

Abin da ya ƙarfafa mini wannan zato yana can yamma. Al-Bakri, malamin Andalus da ya tattara labarin ƙasashen baƙar fata daga bakin fatake a 1068, ya ambaci mutanen Zafun, maƙwabtan tsohuwar daular Gana. Ya ce suna bauta wa wani ƙaton maciji mai geza, kansa kamar na raƙumi, yana zaune a kogo. A bakin kogon akwai masu yi masa hidima, suna ajiye masa abinci da madara da tufafi masu tsada. In sarki ya mutu sai a jera masu neman sarauta, macijin ya bi su yana shinshinawa har ya zunguri ɗaya da hanci. Wanda aka zungura ya bi shi da gudu ya tsige gashin da ya iya tsigewa, kuma yawan gashin shi ne yawan shekarun mulkinsa. Wannan maciji ai ba dodo ba ne, mai naɗa sarki ne.

Soninke, waɗanda suka kafa Gana ɗin, su suna kiranta Wagadu, nasu macijin kuma Bida. Yarjejeniya suka ƙulla da shi: duk shekara a ba shi budurwar da ta fi kyau, shi kuma ya saukar da ruwa da zinariya. Aka yi ta tafiya haka har aka zaɓi Siya Yatabare. Saurayinta Mamadi ya laɓe, Bida na fito da kai ya sare, wani ya fito ya sare, har kai bakwai. Kan na ƙarshe ya tashi sama yana tsinuwa, ya ce shekara bakwai ba ruwa, zinariya kuma ta koma Bure. Fari ya sauka, Wagadu ta watse.

A Sanwai kifi ne. Al-Sa'adi, mai Tarikhus Sudan, ya kawo labarin wani baƙo daga Yaman da ya iske mutanen Kukiya suna bauta wa kifi mai zobe a hanci, yana fitowa daga kogi yana ba su umarni. Ya soke shi da mashi, suka naɗa shi sarki.

To ga kisa iri ɗaya, amma Daura da Kukiya sun yi buki, Wagadu ta yi makoki. Me ya raba su? Ina ganin bakin mai ba da labari ne. A Daura gidan sarautar da ya danganta kansa da mai takobi shi ya riƙe labarin, ba kuwa za a sa ran jika ya ce kakansa ya yi ɓarna ba. Har yau ana nuna takobin a fada, ana tuna zuwan Bayajidda a bukin Gani, rijiyar kuma an kewaye ta da gini, baƙi na zuwa su sha. Labarin Bida kuwa maroƙan Soninke ne suka ɗauke shi, mutanen da ƙasarsu ta bushe suka bazu, suna neman dalilin abin da ya same su.

Masana sun daɗe suna kai-kawo kan ko wane ne Bayajidda. Hallam, a 1966, ya bi masu danganta shi da Abu Yazid, ɗan tawayen Arewacin Afirka da Faɗimiyyawa suka kashe a 947. Abdullahi Smith kuwa bai yarda cewa baƙo ɗaya a kan doki ne ya haifi sarautun Hausa ba, ya ce a nan gida suka tsiro a hankali. Ina tare da shi. Sai dai muhawarar duk a kan mahayin take, alhali abin da ke cikin rijiyar ne ya fi kusa da gaya mana yadda Daura take kafin Musulunci.

Su kuwa Soninken da suka bazu, daga cikinsu fataken Wangarawa suka fito. Tarihin Kano ya ce Wangarawa daga Mali suka kawo Musulunci birnin a zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385.